Kada a Sauke Inji Kafin a Binciki Tanki

A garuruwa da dama na Arewacin Nijeriya akan ga tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, an jingine ta a gindin bishiya ko cikin gareji shekara da shekaru. An fara ƙera irin wannan mota a Faransa a 1968, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya soma aiki a 1975, ya harhaɗa ta da yawa. Idan ranar tayar da ita ta zo, akan sa mata sabon batir, ta tashi, amma da zarar an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Nan take sai a ce inji ya buga, a shiga lissafin kuɗin sauke shi. Wannan gaggawa kuskure ce, domin injin da ya tashi ya riga ya nuna cewa fistin ɗinsa na motsi. Abin da doguwar ajiya ta fi lalatawa shi ne mai da roba da ƙananan kafofin da mai ke bi.

Tun daga 1876, lokacin da Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera inji mai bugu huɗu, bukatun injin fetur ba su sauya ba: mai, iska, matsi da tartsatsin wuta a kan lokaci. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska, kuma aikin kafireta shi ne haɗa su bisa gwargwado. Saboda haka tambayar da ta kamata ita ce: wanne ne daga cikin huɗun nan ya gaza?

Fetur ne abin tuhuma na farko. Cakuda ne na sinadarai masu yawa, kuma idan ya daɗe marasa nauyin cikinsa sukan bi iska, musamman a ƙasa mai zafi. Ragowar kuma takan haɗu da iskar oksijin ta haifar da wani danƙo mai launin ƙasa-ƙasa da wari irin na tsohon fenti. A cikin kafireta akwai wata 'yar kafa, faɗinta bai kai milimita 1 ba, wadda ke ciyar da inji idan yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba. Idan danƙo ya toshe ta, inji zai rayu muddin ƙafa na kan totur, domin babbar kafa ce ke ba shi mai, ya kuma mutu da an saki. Maganin wannan wanke kafireta ne kawai.

Idan kuwa motar takan yi 'yan mintoci kafin ta mutu, sannan ta sake tashi bayan ta huta, to mai ne ba ya isowa yadda ya kamata. Tankin da ba a cika ba yakan tara raɓa da dare, ruwan ya kwanta a ƙasa domin ya fi fetur nauyi, ya haifar da tsatsa, ita kuma ta toshe matatar mai. Gwajin mai sauƙi ne. A cire tiyon da ya fito daga tanki, a haɗa famfon mai da ƙaramar jarka mai sabon fetur. In inji ya zauna daram, laifin na tanki ne ko bututunsa. In bai zauna ba, a koma kan famfo da kafireta, sannan a duba tiyoyin da suka tsage suna shigar da iska fiye da kima, daga ƙarshe a goge kwantak a duba fulogi.

Wasu kan ce canza komai a lokaci guda ya fi sauri. Mai yiwuwa motar ta tashi, amma an sayi kayan da ba a bukata, kuma ba wanda ya san ainihin cutar, don haka ran da ta dawo sai a sake lalube. Ƙa'idar ɗakin gwaji ita ce a sauya abu ɗaya, a lura da sakamako, a rubuta. Ƙwararren bakanike haka yake yi, ko da bai kira shi kimiyya ba.

Wajibi ne a kiyaye rai yayin wannan aiki. Kada a tsiyaya fetur a bakin kafireta ana murza makulli, domin wuta kan dawo da baya ta kama fuska da hannu. Kada kuma a tayar da inji a rufaffen gareji, saboda hayaƙin salansa na ɗauke da gubar kabon-monoksaid wadda ba ta da launi balle wari. A juye tsohon baƙin mai tun da farko, a kuma gwada birki kafin a hau titi.

Ya kamata malaman kimiyya su riƙa kai ɗalibai gaban irin wannan mota. A jikinta za su ga ƙafewar ruwa da tsatsa da ƙonuwa da lantarki, waɗanda suka saba gani a allo kawai. Ɗalibin da ya koyi faɗin abin da yake zato, ya gwada shi kafin ya yanke hukunci, zai yi amfani da wannan tarbiyya a asibiti ko gona ko masana'anta.