Maganar Katawut na Tsofaffin Motoci

A sani duk tsohuwar Fijo 404 ko Landiroba mai jigilar hatsi daga Faru zuwa kasuwar Talata Mafara tana da wani ɗan akwati kusa da inji, makanikai na ce masa katawut. Aikinsa awon wutar da dainamo ke zuba wa batir, ya tsai da ita wajen bolt 14. Irin na da, ƙarafa biyu ne ke haɗuwa suna rabuwa, tartsatsi na cin bakinsu, ga ƙurar hunturu. In suka manne, ruwan batir ya tafasa, fitilu su ƙone. In suka ƙi haɗuwa kuwa, sai turi da asuba.

Na zamani ba abin da ke motsi a cikinsa, saboda haka lalle canji ya fi. Amma fa sai da lura, gama yawancin Landiroba na kafin 1967 kan batir mai alamar tarawa aka ɗaure wa jikin mota. Da an juya waya sabon ya mutu nan take, ba shi gyaruwa, alhali tsohon da magagari ake tashinsa. Kada a yar da shi, a ajiye ƙarƙashin kujera saboda hanyar Maradun.