Fim Ɗin "Moffie" Da Kalmar Da Ake Karya Ɗa Namiji Da Ita

Yau filin namu zai taɓo wata magana wadda akasarinmu muke jin nauyin yin ta a bainar jama'a, amma ba damar kauce mata, domin wayar hannu ta riga ta shigo da irinta har ɗakunan 'ya'yanmu. Maganar wani fim ce mai suna Moffie, wanda wani mutumin Afirka ta Kudu, Oliver Hermanus, ya shirya, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na birnin Venis a ƙasar Italiya cikin shekarar 2019. Labarin wani kurtun soja ne da zuciyarsa ta karkata ga ɗan'uwansa kurtu, a cikin rundunar da ta ɗauki wannan abu babban laifi. Hukuncin al'amarin a addininmu da dokar ƙasarmu sananne ne, za mu kuwa zo gare shi. To amma akwai wani abu a cikin fim ɗin wanda ya shafi kowace uwa mai ɗa namiji, shi ne yadda ake mayar da kalma guda ta zama bulala.

Bari mu fara da wuri da lokaci. Labarin ya auku a shekarar 1981, zamanin da Turawa 'yan tsiraru ke mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. A lokacin tilas ne kowane saurayi farar fata ya yi aikin soja na shekara 2, kuma da yawansu akan tura su bakin iyakar Namibiya da Angola su yaƙi baƙaƙe masu neman 'yanci. Manyanmu za su tuna cewa Nijeriya ba ta yi shiru a kan wannan yaƙi ba, gama a 1975 Janar Murtala Muhammed ya goyi bayan gwamnatin MPLA ta Angola, wadda waɗannan sojoji suke yaƙa. Ita kalmar "moffie" zagi ce a harshen Afirkans, ana jifan namijin da ake gani kamar mace da ita. Idan kina neman 'yar'uwarta a Hausa, ki tuna yadda wasu ke jefa wa yaro "ɗan daudu" don a muzanta shi.

Yaron da ke cikin labarin, Nicholas, ɗan shekara 18 ne. Tun a jirgin ƙasan da ya kwashe su zuwa bariki aka nuna kuratan suna jifan wani baƙin mutum da ƙazanta a tasha, suna dariya. A bariki kuwa sajan ɗinsu ba shi da makamin da ya fi wannan kalma. Wanda ya gaji, wanda ya yi kuka, wanda ya ji tausayin wani, duk ita ake jefa masa. Da aka zargi wasu kurata biyu, sai aka yi musu dūka, aka tsayar da su gaban 'yan'uwansu ana zaginsu, daga baya ɗayansu ya harbe kansa. Abokin Nicholas kuma aka kai shi wani sashen asibitin soja da ake kira Ɗaki na 22. An kuma nuna mana Nicholas yana ƙaramin yaro a wurin wanka na jama'a, wani babban mutum ya yi masa zargi ya tozarta shi a gaban iyayensa, abin ya zauna masa a rai har girma.

Shi wannan Ɗaki na 22 ya wanzu a zahiri, a babban asibitin soja da ke kusa da birnin Piritoriya. A shekarun 1970 wani likitan ƙwaƙwalwa mai muƙamin kanar, Aubrey Levin, ya riƙa jona wa samarin da aka zarga wayar lantarki a jiki, wai yana yi musu magani. Ku ji ƙarshensa. Ya koma ƙasar Kanada da zama, a 2013 kuma kotu a can ta same shi da laifin yin lalata da maza marasa lafiya da ke hannunsa, ta ɗaure shi shekara 5. Watau mutumin da aka damƙa wa amanar gyaran 'ya'yan mutane, shi ne ya ci amanar.

To mu dawo gida. A Nijeriya dokar sojoji ta daɗe da haramta luwaɗi. A watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyarsu. A watan Disamba na 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin ƙa'idojin aikin soja, waɗanda suka hana soja luwaɗi da maɗigo da sa tufafin da ba na jinsinsa ba. Jihar Sakkwato ma tana da dokokin shari'a tun 2000. Saboda haka fim irin wannan ba za ki same shi a gidan silima ba. Ko wani na gida mai suna Ife, wanda aka yi a 2020 a kan mata biyu, hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta ja kunnen masu shi, sai ta intanet suka fitar da shi. Ta nan kuwa komai ke iso wa yaranmu, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Abin lura shi ne, inda doka ta yi tsanani, nan zargi ke zama makami a hannun maƙiyi. Makonni kaɗan bayan dokar 2014, wani gungun mutane a unguwar Gishiri ta Abuja ya fito da samari kamar 14 daga ɗakunansu da dare, aka yi musu dūka ba alƙali ba shaida. A Bauchi kuwa, cikin Janairun shekarar, jama'a suka yi ta jifan kotun shari'a da duwatsu tun alƙali bai yanke hukunci ba. Alhali shari'ar da ake cewa ana karewa ita ce ta tsananta a kan shaida, ta hana leƙen asirin mutane, ta kuma tanadi bulala 80 ga wanda ya yi wa wani ƙazafi bai kawo shaidu ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun sa jifan mutum da luwaɗi cikin ƙazafin nan. Ashe mai bakin ma yana da nasa hukuncin.

Wata za ta ce, mu da ke Tursa ko Gandi ko Wurno, ina ruwanmu da barikin Turawa? Ruwanmu kuwa da tsaki. Tun harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a ƙaramar hukumar Raba a watan Yuli na 2018, da wanda suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 inda aka kashe fiye da mutum 40, rayuwar wannan yanki ta rataya a kan soja. 'Ya'yanmu da ƙannenmu suna tafiya Defo ta Zariya su yi horon kurtu, wasu a dawo da su Barikin Giginya a Sakkwato, wasu a tura su daji. Yaron da aka raina da cewa tausayi halin mata ne, ranar da aka ba shi bindiga aka ce ya tsare ƙauye, da wace zuciya zai dubi tsohuwa da mai goyo? Fim ɗin ya nuna haka ƙarara: samarin da aka fi tsorata da wannan kalma su suka fi gallaza wa baƙar fata, don kowa yana so ya nuna shi namiji ne. Wanda kuma aka jefa da ita a bariki, ko gaskiya ce ko ƙarya, ba shi da uwa kusa da zai kai wa kuka.

Don haka, uwargida, gyaran daga tsakar gidanki zai fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ɗanki ya yi kuka, ko ya taya ki hura wuta, ko ya goyi ƙanwarsa, kada ki bari a kira shi da sunan banza, ko da wasa ne, ko daga bakin kishiya ko na kawunsa. Ki san abin da yake kallo a waya, ki zauna da shi ki yi masa bayani cikin natsuwa, domin yaron da ya san za a tozarta shi ba ya faɗin abin da ke damunsa, har da ranar da wani babba ya taɓa shi. In kin ga abin da ya tayar miki da hankali, ki nemi maigida da malami mai rufin asiri, ki guji kai maganar bakin rijiya. In kuwa naki yana bariki, ki riƙa kiransa kina tambayar lafiyarsa da halin da yake ciki, kada kira ya tsaya a kan aiken kuɗi kawai.

Ku kuma 'yan mata, musamman na makarantun kwana, kun san yadda ake laƙaba wa yarinya maɗigo don kurum tana da ƙawa ta kusa, ko don an yi faɗa a kan saurayi. Magana zarar bunu ce. Wadda kika ɓata wa suna a aji uku, ƙila maganar ta bi ta har ranar da za a zo neman aurenta. Abin da ba ki gani ba kada ki faɗa, wanda aka kawo miki kada ki kai gaba. In akwai abin da ke tsorata ki a ɗakin kwana, ki faɗa wa malama ko mahaifiyarki a keɓe.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare sojojinmu, Ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya. Sai mun sake saduwa a wannan fili.