Mudu Ɗaya, Hatsi Iri-Iri: Abin da Kofin Daraktoci Yake Aunawa a Wasannin Jami'o'in Amurka

A ƙarshen kowace shekarar karatu, ƙungiyar daraktocin wasanni na jami'o'in Amurka, wadda aka fi sani da NACDA, takan fitar da jadawali guda da ke jera jami'o'in ƙasar bisa ƙoƙarin da kowace ta yi a wasanni baki ɗaya. Wadda ta zo ta ɗaya ita ake miƙa wa Kofin Daraktoci. An fara bayar da shi a kakar wasa ta 1993-94, kuma Jami'ar North Carolina ce ta fara ɗauka. Daga nan Jami'ar Stanford ta karɓe shi, ta riƙe har shekara 25 a jere, daga kakar 1994-95 zuwa ta 2018-19. Annobar korona ta hana a bayar da shi a 2020. Da aka dawo, Jami'ar Texas ta ɗauka a 2021 da 2022, Stanford ta ƙwace a 2023, Texas ta sake amshewa a 2024. Wato cikin shekara 30, jami'o'i uku kacal suka taɓa wannan kofi, alhali masu fafatawa a rukuni na ɗaya sun haura 350.

Duk wanda ya ga irin wannan sakamako, dole ya yi tambaya: shin waɗannan jami'o'i sun fi sauran ne da gaske, ko kuwa mudun awon ne ya karkata? Ra'ayina shi ne, mudun yana da aibi, amma ba a wurin da masu suka suka fi nunawa ba. Abin da suke kira aibi, wato daidaita wasanni a maki, shi ne ma mafi alherin abin da ke cikin tsarin.

Yadda Ake Lissafi

Hukumar NCAA ce ke shirya gasannin ƙasa na ɗaliban jami'a a Amurka, kuma daga sakamakon waɗannan gasanni ake ɗebo makin kofin. Duk jami'ar da ta zama zakara a wani wasa tana samun maki 100, ko wane wasa ne. Daga nan maki yakan riƙa raguwa gwargwadon inda aka tsaya. A gasar fitar-da-gwani mai ƙungiyoyi 64, wadda ta zo ta biyu tana da 90, waɗanda suka tsaya a wasan kusa da na ƙarshe suna da 83, na zagayen ƙungiyoyi takwas 73, na zagayen 16 suna da 64, na zagayen 32 suna da 50, waɗanda aka fitar tun a wasan farko kuwa 25. Jami'ar da ba ta kai ga shiga gasar ƙasa ba, ba ta da komai a wannan wasa.

A wasannin da ɗaiɗaikun 'yan wasa ke fafatawa, irin su ninƙaya da guje-guje da tsalle-tsalle, lissafin hawa biyu ne. Alal misali, a 2017 Tobi Amusan ta Nijeriya ta ci tseren tsallake shinge na mita 100 a gasar NCAA tana ɗalibar Jami'ar Texas da ke El Paso. Nasarar tata maki 10 ta kawo wa tawagar jami'arta a cikin gasar, aka tara shi da na abokan wasanta, jimlar ta nuna matsayin tawagar, sannan wannan matsayi ne aka mayar makin Kofin Daraktoci. Ke nan tauraro ɗaya, komai haskensa, ba ya wadatar da jami'a.

Akwai kuma iyaka ga yawan wasannin da ake ƙirgawa. A da wasanni 20 ake ɗauka a rukuni na ɗaya, 10 na maza, 10 na mata. Daga baya aka mayar da su 19, aka kuma wajabta wasu, ciki har da ƙwallon kwando na maza da na mata, da besbol, da ƙwallon raga na mata, ko jami'a ta yi ƙoƙari a cikinsu ko ba ta yi ba. Ragowar guraben kuwa, sai a cike su da wasannin da jami'ar ta fi samun maki.

Abin lura a wannan lissafi shi ne yadda tazara take ƙanƙancewa a sama. Tsakanin zakara da wadda ta zo ta biyu maki 10 ne kawai. Jami'ar da ta kai zagayen 32 a wasanni biyu ta yi kunnen doki da wadda ta ci kofin ƙasa a wasa ɗaya, wadda ta kai zagayen 16 a wasanni biyu kuwa ta wuce ta da maki 28. Tsarin yana saka wa mai yawan halarta fiye da mai nasara ɗaya tilo, kuma da gangan aka tsara shi haka.

Ƙorafin da Aka Fi Yi

Masu suka sukan ce babu adalci a ba zakaran ƙwallon kwando na maza maki 100, a kuma ba zakaran ƙwallon ruwa maki 100. Hujjarsu ba ta banza ba ce. A ƙwallon kwando jami'o'i fiye da 350 ke neman kofi ɗaya, miliyoyin mutane na kallo, kuma kuɗin da gasar ke kawowa shi ne kaso mafi girma na kuɗin shigar NCAA. Ƙwallon ruwa na maza kuwa, jami'o'i kaɗan ne ke buga shi, kuma tun da aka fara gasarsa a 1969 babu wata jami'a daga wajen jihar Kalifoniya da ta taɓa cin kofinsa. Haka wasan alkafura na maza da wasan takobi da harbi, duk masu yin su ba su da yawa. Stanford, wadda ke Kalifoniya, tana da tawaga a da yawa daga irin waɗannan wasanni. Saboda haka, in ji masu suka, ana auna gero da shinkafa da mudu ɗaya, a kuma biya su farashi ɗaya. Irin wannan tunani ne ya haifar da kofin Capital One a 2010, wanda ya raba maza da mata, ya kuma fifita wasannin da suka fi farin jini a wajen rabon maki.

Ban yarda da wannan gyara ba, saboda dalilai uku.

Na farko, farin jini ba ma'aunin ilimi ba ne. Jami'a ba gidan talabijin ba ce da za ta kimanta ɗalibanta da yawan masu kallonsu. Ɗalibar da ke tashi da asuba ta yi atisayen tseren kwale-kwale kafin ta shiga aji, wahalar da take sha ba ta gaza ta ɗan ƙwallon kwando ba don kawai babu kyamara a bakin ruwa. Idan hujjar ajiye wasanni a jami'a ita ce tarbiyyar jiki da ɗa'a da haɗin kai, to babu dalilin da zai sa tarbiyyar wani ta fi ta wani tsada.

Na biyu, daidaita maki ya ba wasannin mata nauyin da kasuwa ba ta ba su ba. Tun 1972 dokar Amurka da ake kira Sashe na Tara ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, amma doka tilasci take yi, ba ta sa sha'awa. Kofin Daraktoci ya sa daraktan wasanni ya san cewa kofin ƙwallon raga na mata zai ɗaga sunan jami'arsa a jadawali daidai da kofin ƙwallon kwando na maza. Babu jami'ar da za ta kai ko'ina a wannan jadawali da ƙoƙarin maza kaɗai.

Na uku, tsarin ya kauce wa wata matsala da muka saba gani a teburin lambobin yabo, irin wanda ake amfani da shi a gasar Olamfik da kuma gasar jami'o'in Nijeriya ta NUGA. A can zinare ake ƙirgawa, don haka gwanin ninƙaya ɗaya yana iya kawo zinare biyar, yayin da 'yan ƙwallon ƙafa goma sha ɗaya za su yi mako biyu suna gumi su kawo ɗaya. Kofin Daraktoci ya ɗauki kowane wasa a matsayin abu guda mai daraja guda, komai yawan lambobin da ke cikinsa. Wannan ya fi kusa da hankali.

Inda Ma'aunin Ya Gaza

Aibin gaskiya yana nan ne: an daidaita wasanni, amma ba a daidaita jami'o'i ba. Stanford tana da tawagogi 36. Tun da 19 kawai ake ƙirgawa, tana da damar zubar da duk wasan da bai yi mata kyau ba a shekarar, in ban da na wajibi. Ƙa'idar NCAA kuwa ta yarda jami'a ta zauna a rukuni na ɗaya da wasanni 14 kacal, ko 16 idan tana babban sahun ƙwallon ƙafa irin na Amurka. Jami'a mai wasanni 14 ko 16 ba za ta ma iya cike guraben ba, balle ta zaɓa. Tun kafin a busa usur an riga an bar ta a baya.

Wani zai ce ai Texas ta karya wannan hujja, tun da wasanninta wajen 20 ne kawai, kuma Jami'ar Ohio State mai tawagogi 36 ba ta taɓa cin kofin ba. Gaskiya ne yawan wasanni kaɗai ba ya kawo nasara. Sai dai Texas na cikin jami'o'in da sashen wasanninsu ya fi kuɗi a Amurka, da kuɗin shiga da ya haura dala miliyan 200 a shekara. Stanford ta sayi faɗi, Texas ta sayi zurfi, amma duka da kuɗi aka saya. Jadawalin ba ya nuna ko nawa aka kashe kafin a sami kowane maki, don haka ƙaramar jami'a da ta yi abin a zo a gani da ɗan abin hannunta takan ɓace a tsakiyar jerin, babu mai ambatonta.

Aibi na biyu ya fi wannan nauyi a wajen duk mai kishin ilimi. Babu ko maki ɗaya a kofin da ya shafi karatu. NCAA tana fitar da alƙaluman yawan 'yan wasan da ke kammala digiri, amma ba sa shiga wannan lissafi. Labarin North Carolina ya isa ishara. Wani bincike da jami'ar da kanta ta sa aka yi, wanda aka fitar a 2014, ya gano cewa tsawon shekara 18, daga 1993 zuwa 2011, ɗalibai kimanin 3,100 sun ɗauki wasu kwasa-kwasai da ba a shiga aji, ana ba su sakamako mai kyau kan rubutu ɗaya, kuma kusan rabinsu 'yan wasa ne. A tsawon waɗannan shekaru jami'ar tana yawan kasancewa a sahun gaba na jadawalin. Ba laifin jadawalin ba ne abin da ya faru, amma makaho ne a kansa, kuma ma'aunin da ke kiran kansa na fifikon jami'a bai kamata ya makance a wannan wuri ba.

Dalilin da Ya Sa Batun Ya Zama na Gaggawa

A watan Yuli na 2020, Stanford ta ba da sanarwar za ta soke wasanni 11 saboda matsin tattalin arziki. Sai da tsofaffin ɗalibai da 'yan wasa suka tashi tsaye kafin ta janye shawarar a watan Mayu na 2021. Idan jami'ar da ta fi kowa cin moriyar ƙananan wasanni ta yi tunanin yasar da su, ina ga sauran? A watan Yuni na 2025 kuma wata kotun tarayya ta amince da sasantawar da ta ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko, kuma da yawansu sun nuna cewa kaso mafi tsoka ƙwallon ƙafa irin na Amurka da ƙwallon kwando na maza zai tafi. Kuɗin nan daga wani wuri za su fito, kuma kowa ya san wasannin da ba su da 'yan kallo ne a bakin wuƙa. Daga cikinsu ne kuma mafi yawan 'yan wasan da ke wakiltar Amurka a Olamfik suke fitowa, tare da ɗalibai daga ƙasashe da dama, har da na Afirka, waɗanda gudu ko tsalle ya sama musu gurbin karatu kyauta.

A irin wannan yanayi, jadawalin da ke cewa kokawa da ninƙaya da tanis suna da daraja ɗaya da ƙwallon kwando yana daga cikin 'yan abubuwan da suka rage masu sa shugaban jami'a ya yi jinkiri kafin ya rufe wata tawaga. Duk gyaran da zai karkatar da maki zuwa ga wasanni masu kuɗi, ƙara wa Barno dawaki ne kawai.

Kammalawa

Shawarata ita ce a bar maki 100 ga kowane wasa yadda yake. Abin da ya kamata a ƙara shi ne bayani a gefen jimlar: nawa kowace jami'a ta kashe, wasanni nawa take da su, kuma kashi nawa na 'yan wasanta suka kammala karatu. Kada a narkar da waɗannan cikin lamba ɗaya, domin lamba ɗaya ce ke ɓoye abu tun farko. A jera su kusa da juna mai karatu ya yi wa kansa hukunci. Kafin a kai ga haka, wanda ya ga sunan Stanford ko Texas a saman jadawali ya fahimci abin da aka gaya masa: wannan jami'a ta iya ɗaukar nauyin wasanni da yawa, ta kuma yi ƙoƙari a cikinsu. Wannan abin yabo ne. Amma ko ta fi sauran iya sarrafa abin da take da shi, ko ɗalibanta sun fita da ilimin da suka je nema, waɗannan tambayoyi ne da kofin bai taɓa amsawa ba, kuma su ne ya fi kamata jami'a ta damu da su.