Sharhi: Yadda amosanin gaɓɓai ke cin lokacin aiki a Yola da Jimeta ba tare da lissafi ba

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ke fama da ciwon zaizayewar gaɓɓai, miliyan 18 kuma ke da amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, kashi 70 cikin ɗari daga cikinsu mata ne. Auna asarar aikin da waɗannan cututtuka ke jawowa a gari irin Yola ya fi ƙirga majinyata wuya.

Ma'aikacin sakatariyar jihar Adamawa yana da takardar hutun jinya da za a iya lissafawa. Tela a kasuwar Jimeta, ko masunci a kogin Binuwai, ko manomin shinkafa a Geriyo, ba su da ita. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya sana'o'in da ba na ofis ba suke yi. Mai irin wannan sana'a yakan fita ko da gwiwa ta kumbura, sai dai abin da yake samarwa ya ragu.

Takardar tambayoyi ta WPAI, wadda aka wallafa a 1993, tana kama wannan asara. Tambayoyinta 6 suna duba kwana 7 da suka wuce: awoyin da ciwo ya hana aiki, da yadda ya rage kuzari a ma'aunin 0 zuwa 10. Telan da ya rasa awa 8 cikin 40, ya kuma zaɓi 5, asararsa ta kai kashi 60, alhali ƙirgen fashi kaɗai kashi 20 zai nuna.

Sai dai tambayar farko kan aikin da ake biyan mutum ce, don haka matar da ke soya ƙosai a gida tana iya amsa a'a. Haka kuma mako ɗaya na rani ba ya wakiltar damina ga manomi.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da Asibitin Ƙwararru na Yola za su iya gyara tambayoyin cikin Hausa da Fulfulde, su riƙa yin su rani da damina. Da irin waɗannan alƙaluma ne za a shawo kan masu tsara kasafi da inshorar lafiya su ɗauki nauyin magani tun kafin gaɓɓai su lalace.