Daga Alƙali Zuwa Alcalde: A Koyar da Sifaniyanci ta Bakin Hausa

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta ƙofar gidan kallon ƙwallo a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi a daren da Real Madrid da Barcelona suka haɗu, ya san cewa ƙasar Sifaniya ba baƙuwa ba ce a kunnen matasanmu. Yaron da bai gama ƙaramar sakandare ba zai jero maka Sevilla da Valencia da Bilbao, ya kuma ba ka labarin Umar Sadiq, haifaffen Kaduna, wanda ya yi wasa a Almería kafin ya koma Real Sociedad a 2022. Sai dai in ka tambaye shi ma'anar kalmar "real" da ke gaban sunan ƙungiyarsa, sai ya fassara ta da Ingilishi ya ce "ta ainihi", alhali a Sifaniyanci ma'anarta "ta sarki". Wannan ɗan kuskure ya nuna matsalar da nake son tattaunawa: duk abin da ya zo mana daga wajen ƙasa sai ya bi ta tagar Ingilishi kafin ya iso gare mu, ko da kuwa akwai ƙofa a buɗe tsakaninsa da Hausa.

Ra'ayina shi ne, idan har za a koya wa ɗan Hausa nahawun Sifaniyanci da al'adun masu shi, to da Hausa ya kamata a koya masa, a kuma fara daga abin da ya riga ya sani. Hujjojina uku ne: nahawu, tarihi, da rayuwar yau da kullum ta wannan yanki na arewacin Zazzau.

Kafin nan, me ya kai mu ga Sifaniyanci? Harshe ne da mutane wajen miliyan 500 suka buɗe baki da shi, harshen hukuma ne a ƙasashe ashirin, kuma yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Yana da gindin zama a Afirka ma, domin shi ne babban harshen hukuma a Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyarmu ta teku, wadda ta sami 'yancin kai daga Sifaniya a 1968, inda kuma Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama. Duk da haka ba ya cikin jadawalin makarantun gwamnati a ƙananan hukumominmu. Wanda ya so shi a yau sai ya nemi manhajar waya ko bidiyon intanet, kuma kusan dukkansu an gina su ne domin mai jin Ingilishi.

Nan ne ake yi wa ɗalibinmu asara. Littafin da aka rubuta domin ɗan Ingila yakan ɓata babi guda yana lallashinsa ya yarda cewa tebur yana iya zama mace, littafi kuma namiji, saboda harshensa bai raba sunayen abubuwa ta fuskar jinsi ba. Bahaushe kuwa tun yana goye ya san riga mace ce, wando namiji. Abin sha'awa ma shi ne, a harsunan biyu wasalin "a" na ƙarshen suna shi ne babbar alamar jinsin mace: casa, mesa, camisa a can; kujera, fitila, riga a nan. Kowannensu kuma yana da 'yan tawayensa. Kamar yadda gida da ruwa da nama suka ƙare da "a" amma suke maza, haka día da mapa suke maza a Sifaniyanci. Sifa ma tana bin jinsi da adadin sunan da take siffantawa: blanco, blanca, blancos, daidai da fari, fara, farare. Malamin da ya fara da wannan kwatance ya gama a darasi ɗaya abin da littafin Ingilishi ke jan mako yana bayani.

Babban tsaunin da masu koyon Sifaniyanci daga Ingilishi ke kuka da shi shi ne bambancin ser da estar, aikatau biyu da Ingilishi ya haɗe su a kalma ɗaya. Hausa ta riga ta raba su a mafi yawan wurare. Idan za mu faɗi ko wane ne mutum, da dirka muke amfani: malami ne, wato es maestro. Idan kuwa wuri ko halin da ake ciki muke nufi, sai mu ce yana Zariya, wato está en Zaria. Haka nan jimlar da ba a ambaci mai aikatawa ba: abin da ake rubutawa a jikin gida, se vende, shi ne "ana sayarwa". Siffar aikatau ta fata da umurni, wadda ke wahalar da mai jin Ingilishi, ita ce muke amfani da ita dare da rana: Allah ya kiyaye, Allah ya sa a yi ruwa, ina so ka zo. Hatta girmamawa ta zo ɗaya, domin ɗan da aka hore shi ya ce wa mahaifinsa "ku" ba zai sha wuyar gane dalilin da ya sa ake ce wa aboki tú a ce wa dattijo usted ba.

Ta fuskar furuci ma ribar tana wajenmu. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta su haka ake faɗarsu, kamar a rubutun boko na Hausa. Harshen yana bambanta "r" iri biyu, pero mai ma'anar "amma" da perro mai ma'anar "kare". Mu ma muna da ra-kaɗe da ra-gare, waɗanda suka raba baran gida da barar almajiri. Ko da yake furucin bai zo daidai ƙwaƙƙwaran daidai ba, kunnen da ya saba jin bambanci a wannan gurbi ya riga ya yi rabin aiki.

Ba ina cewa hanyar ba ta da gargada ba ne. Bahaushe zai yi fama da rarrabe "p" da "f". Zai yi mamakin yadda ake liƙa lokaci da mai aikatawa a wutsiyar aikatau, hablo, hablas, hablamos, alhali shi a gaba yake ajiye su: ina magana, kana magana, muna magana. Zai tarar ba a raba "kai" da "ke", amma an raba jam'in maza da na mata, ellos da ellas. Sai dai waɗannan matsaloli namu ne, kuma littafin da aka rubuta a Landan ko Niyok bai san da su ba, balle ya yi maganinsu. Wanda ya san Hausa ciki da bai shi kaɗai zai iya hango inda ɗalibi zai yi tuntuɓe.

Hujja ta biyu ita ce tarihi. Daga shekarar 711 zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492, akwai daulolin Musulunci a yankin da Larabawa suka kira Andalus. Wannan zama na kusan ƙarni takwas ya bar dubban kalmomin Larabci a bakin Sifaniyawa, wasunsu kuwa su ne Hausa ta aro ta hanyar Sahara. Alcalde, wato magajin gari, da alƙali tushensu ɗaya. Haka azúcar da sukari, limón da lemo, aceituna da zaitun, alcoba da ƙubba, hasta da hatta. Kalmar ojalá da suke faɗa in suna fatan wani abu, sunan Allah ne a cikinta. Musulmin da suka rage bayan 1492 sun riƙa rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, ana kiran wannan rubutu aljamiado, daga tushen da ya ba mu kalmar ajami.

Alaƙar ba ta tsaya ga kalmomi ba. Duk wanda ya zauna a zauren malami a ƙasar Zazzau ya taɓa littafin ɗan Andalus, ko ya sani ko bai sani ba. Ibn Malik mai Alfiyya, wadda ake haddacewa domin sanin nahawun Larabci, haifaffen Jayyan ne, garin da ake kira Jaén a yau, ya rasu a Dimashƙa a 1274. Alƙali Iyad mai Ashafa an haife shi a Sabta, wato Ceuta, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Ishiriniyar da ake rerawa a darare ta Alfazazi ce, malamin da ya yi rayuwa tsakanin Andalus da Maroko ya rasu a 1230. Tuhfa, wadda alƙalanmu suka daɗe suna dogaro da ita wajen shari'a, ta Ibn Asim ce, mutumin Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426. Saboda haka darasin al'adun Sifaniya da zai fara da wasan bijimai da rawar filamenko ya bar jaki yana dukan taiki. A fara da taswira, a nuna wa yaro garin da marubucin littafin kakansa ya fito, sannan a gaya masa sunan garin a yau.

Koyar da al'ada kuma ba talla ba ce. Ajin da zai nuna fadar Alhambra da masallacin Ƙurɗuba dole ya faɗi korar Yahudawa a 1492, da korar zuriyar Musulmi tsakanin 1609 da 1614, da abin da aka yi wa mutanen asali na nahiyar Amurka, da bayin da aka kwasa daga Afirka. Dole ya ambaci Judar Pasha, haifaffen Sifaniya, wanda ya jagoranci rundunar Maroko da ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Dole ya tuna leburorin Nijeriya da suka yi aiki a gonakin koko na tsibirin Fernando Po, wanda ake kira Bioko a yau, har gwamnatin Nijeriya ta kwaso su a tsakiyar shekarun 1970 saboda cin zarafin da suka sha a zamanin Macías Nguema. Ɗalibin da aka gaya wa daɗi da ɗaci zai kalli wata al'umma da idon basira. Wanda aka nuna wa fitilun Madrid kaɗai kuwa, an ƙara masa ƙaimin bin hamada ne.

Hujja ta uku tana gonakinmu. Maƙarfi da Kudan sun yi suna wajen noman rake da dafa mazarƙwaila. Larabawa ne suka kai noman rake gaɓar tekun Andalus, daga baya Kolombus ya tsallaka da irinsa zuwa tsibiran Karibiyan a 1493. A yau manoman Kolombiya suna matse rake su dafa ruwansa har ya daskare, suna kiransa panela, a Meziko kuma piloncillo. Mazarƙwaila ce ba wata aba ba, kuma sana'a ce babba da ke ciyar da ɗimbin iyalai a can, an yi rubuce-rubuce masu yawa da Sifaniyanci a kan murhunta da tsabtarta da kasuwancinta. Tumatirin Ikara ma sunansa ya faro ne daga harshen mutanen Meziko na asali, ya shiga Sifaniyanci a matsayin tomate, kafin ya zagayo ya iso gare mu. Masara da rogo da gyaɗa da barkono duk daga wannan nahiya suka fito. Ga darasin kalmomi, ga na tarihi, ga kuma ilmin da ɗan manomi zai iya kai wa mahaifinsa gida.

Na san abin da mai adawa zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce yaran da yawansu ke gama firamare ba su iya karanta Hausa da kyau ba, ina su ina harshe na huɗu? Zai tuna mana cewa a 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, aka shigar da shi manufar ilmi ta ƙasa a 1998, ga Ƙauyen Faransanci a Badagry, amma har yau makarantun karkara da yawa ba su da malaminsa ko ɗaya. Na yarda da wannan duka. Shi ya sa ban nemi a cusa Sifaniyanci a jadawalin firamare ko sakandare ba. Darasin da za mu ɗauka daga Faransanci shi ne, doka ba ta haifar da malami, kuma baƙon harshen da aka koyar ta cikin wani baƙon harshen da yaro bai ƙware a kansa ba, ɗora kaya ne a kan kaya. Ga Jamhuriyar Nijar a maƙwabta, cike da Hausawa masu Faransanci, amma yaronmu da Ingilishi ake yi masa bayanin jinsin le da la.

Abin da nake nema ƙarami ne, kuma yana hannunmu. Na farko, sassan nazarin Hausa a jami'o'inmu da kwalejojin ilmi su ƙarfafa wa ɗaliban digiri na biyu da na uku gwiwar yin nazarin kwatanci tsakanin Hausa da harsunan da ba Ingilishi da Larabci ba. Na biyu, a samar da ɗan littafin nahawun Sifaniyanci cikin Hausa, da kalmomin fannu da muka riga muka mallaka: suna, sifa, aikatau, dirka, wakilin suna. Na uku, a gwada shi a ƙungiyoyin sa-kai na bayan tashi daga makaranta, ko da a makaranta ɗaya ce a kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan, a auna sakamakon kafin a yi maganar faɗaɗawa. In ya yi kyau, sai a yi wa Faransanci da Sinanci irin wannan hidima.

A shekarar da Garnaɗa ta faɗi ne Antonio de Nebrija ya wallafa littafin nahawun Sifaniyanci na farko, a zamanin da malaman Turai ke ganin Latin ne kaɗai ya cancanci a rubuta masa nahawu. Hausa ta wuce wannan mataki tun tuni, tana da nahawunta da ƙamusoshinta da farfesoshinta. Matakin da ya rage mata shi ne ta zama harshen da ake koyon wasu harsuna da shi. Yaron nan na gidan kallo ya riga ya kawo sha'awarsa. Saura mu rubuta masa littafin.