Maganin Rage Ƙiba Ma Yana Kama Mutum

Jama'a, takardar likita ba ta hana magani kama mutum. Ku dubi phentermine, ƙwayar rage ƙiba da Amurka ta amince da ita tun 1959. 'Yar uwar amfetamin ce, shi ya sa aka ƙayyade shanta na 'yan makonni kawai. Wanda ya fi damuna shi ne mai ƙara ƙwaya da kansa, yana sauya likitoci don samun sabuwar takarda, barci ya ƙaurace masa, ranar da bai sha ba kuma jiki ya mutu, rai ya ɓaci. Wannan ya kamu, ko da sikeli na faranta masa rai. Ɗan'uwa, kada ka yanke ta dare ɗaya. Faɗa wa likitanka gaskiya a janye maka ita a hankali.