Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Ilimi Na Arewa Maso Yamma: 'Ya'yanmu Suna Jan Baƙi, Babu Fassara

Ranku ya daɗe,

Na rubuto muku ne a kan darasi ɗaya tak daga cikin manhajar Turanci, wato darasin fahimtar karatu, darasin da sauran darussa duka suke rataye a jikinsa. Na shafe shekaru da alli a hannu ina koyar da Turanci a sakandaren gwamnati, na kuma zauna makin takardun jarrabawa. Abin da zan faɗa gani na yi, ba ji ba.

Wata rana a aji biyar na sakandare na tashi wata yarinya ta karanta mana labarin wani manomi da ambaliya ta cinye gonarsa. Ta karanta tiryan-tiryan, ba gargada ko ɗaya, har 'yan ajin suka yi mata tafi. Sai na rufe littafin, na tambaye ta da Hausa: "To 'yata, me ya sami manomin nan?" Ta yi shiru, ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Malam, a ba ni littafin in nemo." Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. A makon nan na ji ta a ƙarƙashin darbejiya tana ba ƙawayenta labarin wani littafin Hausa mai kashi uku, tana warware musu wa ya ci amanar wa, da abin da ya sa uwar miji ta sauya ra'ayi, har da hasashen yadda za a ƙare. Basirar fahimta tana nan ɗanƙare a kanta. Da an zo Turanci sai bakin ya yi aiki, zuciyar ta koma gefe.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Duk wanda ya zauna tafsiri da azumi ya san akwai mai jan baƙi, akwai mai fassara, kuma kowa da aikinsa. A zaure ma haka ne: almajiri ya ja layi ɗaya na Ahalari ko Risala, malam ya tsayar da shi, ya warware masa kalma bayan kalma, ya kawo misali, sannan a ci gaba. Ba a cewa mutum ya sauke littafi don kawai ya iya furta abin da ke ciki. Wannan tsarin muka gada, amma muka ajiye shi a ƙofar makarantar boko kamar takalmi. Turawa masana karatu sun zo sun faɗi abu ɗaya da lissafi: a 1986 Philip Gough da William Tunmer suka bayyana cewa fahimtar rubutu ita ce iya haɗa baƙaƙe sau sanin harshen. Sau ne, ba tarawa ba. In ɗaya ya zama sifili, sakamakon sifili ne, komai kyawun ɗayan.

Ba zan ƙi yaba abin da aka yi ba. Shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da horon koyar da sautin haruffa da aka ba malaman firamare a jihohi da dama, sun taimaki yara wajen babbaƙu da farfaru. Amma rabin aikin ke nan. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Ku lura da kalmar ƙarshe, a kanta aka yi ma'aunin.

A manhajar Hausa sunan wannan darasi "auna fahimta", kuma sunan ya tona mana asiri. Aunawa kawai muke yi. Malam ya shigo, ya ce a buɗe shafi kaza, ɗalibi ɗaya ya karanta da ƙarfi, a amsa tambayoyin da ke ƙasa, a karɓi littattafai, a ja jan biro. Yaushe aka koya wa yaron yadda ake fahimtar? Ana ta kai mudu rumbun da ba a zuba komai ba. Ba mu kaɗai muka faɗa wannan ramin ba. A ƙarshen shekarun 1970 wata mai bincike a Amurka, Dolores Durkin, ta zauna a azuzuwan firamare tana ƙirga mintoci, ta tarar malamai suna ta yin tambayoyi amma kusan babu lokacin da suke nuna wa yara hanyar gane rubutu.

Da yara suka ga ba a koya musu ba, sai suka ƙirƙiro tasu dabarar. Su duba kalmar da ke cikin tambaya, su bi rubutun da yatsa har su ci karo da irinta, su kwafe jimlar ɗungurungum. Dabarar tana ci a gwajin aji. Ranar WAEC ko NECO take watsa musu ƙasa a ido, musamman a sashen taƙaitawa, inda ake so ɗalibi ya faɗi jigo da kalmominsa, mai maki kuma ba ya ba da lada ga kwafe. Ba kiredit a Turanci, ba jami'a. A JAMB tambaya 60 cikin 180 na Turanci ne, sauran 120 ɗin ma da Turanci aka rubuta su. Na sha ganin yaron da ya iya lissafi ya faɗi tambayar lissafi don bai gane abin da ake nema ba. Bayan makaranta kuma ga takardar magani, ga takardar bashin banki, ga yarjejeniyar filin gado.

Shawarata ta farko, kuma wadda na fi so ku riƙe, ta shafi ƙananan kalmomi. Malamai suna ɓata lokaci a kan dogayen kalmomi masu ban tsoro, alhali waɗanda ke kayar da ɗan Bahaushe 'yan ƙanana ne da ba a kula su. Ɗauki "it". A Hausa komai ko shi ne ko ita ce: gida shi, mota ita. Bature yana da wakilin suna na uku da ke iya komawa kan akuya, ko kan ruwan sama, ko kan jimla sukutum da ta gabata. Yaro ya wuce shi sau goma a sakin layi ɗaya bai taɓa tambayar kansa wa ake nufi ba, zaren labarin ya tsinke masa. Ɗauki jimlar da ake juya ta, kamar "the goat was chased by the dog". Mu cewa muke kare ya kori akuya, ko an kori akuya. Ba ma kai mai aikin ƙarshen jimla. Yaro ya ga akuya a gaba sai ya ba ta aikin kora. Ga "hardly", wadda yara ke ɗauka 'yar'uwar "hard" ce, su fassara ta da ƙarfi, alhali nufinta da ƙyar ko kusan babu. Ga "few" da "a few", harafi ɗaya ya raba ƙaranci da ɗan dama. Ga "unless" da "although" da "however", waɗanda su ne mararrabar hanya a cikin rubutu, inda marubuci ke karya kwana. Wanda bai gan su ba zai miƙe santal ya ɓace. Waɗannan ba su da yawa, ana iya tattara su a 'yan shafuka. Ina roƙon ku sa ƙwararrun malaman Turanci da na Hausa na kwalejojin iliminku su zauna tare, su fitar da ɗan littafin jagora da ke jera wuraren da ginin Turanci ya saɓa wa na Hausa, a raba wa kowane malami. Littattafan da muke amfani da su an rubuta su ne don Nijeriya baki ɗaya, ba su san inda takalmi ke matsa ɗanmu ba.

Sai kuma malami ya riƙa yin tunaninsa a fili. Mai koyon ɗinki yana kallon hannun tela ne, amma mai koyon karatu ba ya ganin abin da ke gudana a kan malaminsa sai an furta masa. Malam ya karanta jimla biyu ya tsaya ya ce: "Nan ban gane ba, bari in koma baya. Wannan kalmar ban san ta ba, amma tunda an ambaci ruwa da kwalekwale, ina jin wani abu ne na kogi. Daga take na zaci za a yi maganar asara, bari mu gani ko na canka." Yara su ga cewa ko malam yana tuntuɓe, yana kuma da hanyar tashi. A 1984 Annemarie Palincsar da Ann Brown suka gwada tsarin da yara ke karɓa-karɓar matsayin malami a ƙananan rukunoni, suna yin abu huɗu: hasashe, yin tambaya, warware abin da ya shige duhu, da taƙaitawa. Na gwada shi a aji mai cunkoso, benci-benci, kuma ya yi aiki. Ba ya bukatar lantarki ko kwamfuta. Abin da yake bukata shi ne malamin da aka nuna masa, da sifeton da ba zai shigo ya ce aji ya cika surutu ba.

Yanzu ga maganar da na san za ta jawo gardama. Ku halatta wa malami ya yi amfani da Hausa a darasin Turanci. Har yau akwai makarantun da ake cin tarar yaro ko a ba shi gwale-gwale don ya yi Hausa. Na san manufar ƙasa ta yi ta juyawa: tun 1977 aka ce harshen uwa a shekarun farko na firamare, a 2022 aka ce har aji shida, a Nuwamban 2025 aka sanar da komawa Turanci. Ba wannan muhawarar na zo yi ba, duk da cewa gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su gaza a Turanci ba. Abin da nake nema ƙarami ne. Bayan an karanta sakin layi, a ce wa yaro ya faɗi abin da ya ji da Hausa. Nan take za a san ko ya gane, don ba a kwafe jimla zuwa wani harshe. In ya faɗa daidai, sai a ce to mayar mana da shi Turanci da bakinka. Matakala ce, ba masauki ba.

Duk wannan ba zai wadatar ba in babu abin karantawa. Binciken Paul Nation da abokiyar aikinsa a 2000 ya nuna mai karatu yana bukatar ya san kusan kalma 98 cikin kowace 100 kafin ya fahimci labari shi kaɗai. Kalma ɗaya baƙuwa a cikin hamsin ke nan. Ɗalibanmu kuwa sukan ci karo da baƙuwa a kowane layi. Ba a tara dubban kalmomi ta hanyar haddace goma ranar Litinin. Da yawan karatun abu mai sauƙi mai daɗi ake tara su. A tsibirin Fiji, a farkon shekarun 1980, Warwick Elley da Francis Mangubhai sun cika wasu azuzuwan firamaren karkara da littattafan labarai na Turanci, cikin wata takwas fahimtar yaran ta yi saurin da ya ninka na takwarorinsu. Mu ma mun taɓa ɗanɗana irin wannan. Tsararrakina da yawa sun koyi Turanci ne a jikin littattafan Pacesetters, da The Undesirable Element na Mohammed Sule, da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, ana aro ana ɓoyewa a ƙarƙashin tebur. Mun so su ne don mun ga garuruwanmu da mutanenmu a ciki, kuma wanda ya san duniyar da labari ke magana a kai ya riga ya yi rabin fahimta. A yau ɗalibi yakan gama sakandare bai karanta littafin labari na Turanci ko ɗaya ba sai wanda JAMB ta wajabta, shi ma taƙaitawarsa yake saya a bakin titi.

Ba sai kun gina ɗakin karatu mai bene ba. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo a kowane aji, da littattafai masu hawa-hawa daga mai sauƙi zuwa mai tauri, da minti 20 a jadawali kullum da ba mai taɓawa. A bar yara su tafi da su gida. Wasu za su yage, wasu za su ɓace. A sa wannan a kasafi tun farko, kada hedimasta ya kulle su a ofis don tsoron mai binciken kaya.

Game da malamai, gaskiya ɗaya ce: da yawansu ta wannan hanyar ta kwafe suka bi suka samu NCE, ba za su ba da abin da ba a ba su ba. Kora ba ta koya wa kowa karatu. Ku yi magana da kwalejojin ilimi da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, a mayar da koyar da fahimta kwas mai zaman kansa da ake gwadawa a gaban yara na gaske, ba bita ta kwana uku a otal ba.

Kafin ku amince da maganata, ku gwada ta. Kowannenku ya zaɓi makaranta ɗaya a bayan gari, ya je ba sanarwa, ba jiniya. Ya ɗauki sakin layi ɗaya daga littafin aji uku na ƙaramar sakandare, ya ba yara goma su karanta, ya rufe littafin, ya tambaye su da Hausa abin da suka ji. Ya rubuta adadin waɗanda suka amsa, ya riƙe takardar har ranar zaman kasafin kuɗi.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Wani tsohon malamin Turanci, daga Kano